Raƙumin Dawan da Ake Ta Gogewa

"An sake gogewa!" Malamin ya buga tebur har shayinsa ya zube.

Kwana da kwanaki yana rubutawa a kundin ilimi na intanet cewa akwai raƙumin dawa a gandun dajin ƙasa, wani edita mai laƙabin Kunkuru yana bin bayansa yana sharewa, wai babu madogara. Ga shi gobe maƙalar za ta hau shafin farko.

"Da idona na gan shi, muna ango da amarya!" ya ce wa matarsa, wadda ke guga a gefe. "Wannan Kunkurun ko ƙofar gandun bai taɓa gani ba. Ai kina wurin, ko?"

"Ina wurin," ta ce, tana juya riga.

"To, shiga ki ba shi amsa!"

Ta ajiye dutsen guga tana danne dariya. "Baban yara, don kada ka ji kunya a idon duniya nake ta gogewa. Naka raƙumin na siminti ne, a bakin ƙofa. Ni na ɗauke ka hoto a gindinsa."