Dokar da Ba Ta da Ɗan Sanda

Tun ranar da likita ya ce mijinta yana da hawan jini, Mama ta koma ɗora tukunyar miya biyu: babba mai gishiri ta mutanen gida, da ƙarama lami tasa shi kaɗai.

Mijin nata tsohon jami'in ba da hannu ne a titi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsakiyar mararraba, rana da ruwan sama duk a kansa, har 'yan unguwa suka daina kiran sunansa, sai dai Baba Doka. A gida ma haka yake. Ba a shiga masa ɗaki da takalmi, ba a barin famfo yana ɗiga, ba a magana da abinci a baki. Sai dai mutum ne mai barkwanci, in ya kafa doka sai ya bi ta da dariya.

Autarsu ce ta kai shi asibiti bayan ya daɗe yana fama da ciwon kai da jiri. Likita ya auna shi, ya ce, "Baba, zan sa maka doka. Ka rage gishiri, ka sha wannan ƙwaya kullum da safe ko da kana jin garau, kuma ka riƙa zuwa muna dubawa."

Suna dawowa gida Baba ya zauna a kujerarsa yana girgiza kai. "Wai doka. Yaron nan bai san doka ba. Doka ita ce wadda in ka taka ta a kama ka, a kai ka gaban alƙali. Tasa wannan ai shawara ce, in na ga dama in ɗauka."

Auta ta ce, "To Baba, dokarka ta takalmi fa, wane alƙali ke hukunci a kanta?"

"Ni ne alƙalin, ni ne ɗan sandan," in ji shi. Duk suka yi dariya. Kwana kaɗan bayan haka Auta ta koma garin da take aiki, ta bar wa Mama amanar magani da tukunya.

Da farko Mama ta riƙe amanar. Amma kullum in ta ajiye masa kwano sai ya ɗanɗana ya ce, "Tsohuwa, yau ma ruwan zafi kika rina mini?" Ta yi murmushi, ta dawo ta tarar da rabin abincin a kwano. Ta ga wandonsa ya fara yi masa yawa. Mutumin da suka sha daɗi da wuya tare, a ce yau loma ma ba ta yi masa daɗi? Abin ya tsaya mata a rai.

Wata rana ta ɗebi gishiri da yatsu biyu ta barbaɗa masa. Ya cinye tas, ya ɗago ya dube ta ya ce, "Yau na ji hannun matata." Daga ranar ba ta sake ɗora ƙaramar tukunya ba.

Da ƙwayoyin suka ƙare bai yarda a sayo wasu ba. "Ciwon kai ya tafi. Mai lafiya me zai yi da magani?" In Auta ta kira a waya ta tambaya ko ana bin dokar likita, sai Mama ta ce, "Ana bi, 'yar nan," Baba na gefe yana ƙifta mata ido.

Wata safiya tana wanke-wanke ta ji faɗuwar kujera. Ta same shi a ƙasa bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, bakinsa ya karkace. Yana kallon ta yana son yin magana, maganar ta ƙi fita.

A asibiti likita ya tambaye ta a hankali, "Mama, yana shan maganin kuwa?" Ta sunkuyar da kai. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma ba lallai maganarsa ta dawo kamar da ba. "Hawan jini ba ya sallama," in ji shi. "Sau da yawa mai shi ba ya jin komai sai ranar da ya kayar da shi."

Hannun da yake ɗagawa manyan motoci su tsaya cak, yanzu sai Mama ta ɗaga masa shi ta ɗora a kan matashi.

Auta ta ɗauki hutu ta dawo. Ta sami Mama a kicin tana share hawaye da gefen zani. "Na ɗauka gata nake yi masa," in ji Mama. Auta ta rungume ta, ta ce, "Na sani, Mama. Shi ma ya sani. Zo mu juya shi, lokaci ya yi."

Haka rayuwa ta koma: wanka, juyawa, motsa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya musu a asibiti. Ran nan da safe Mama ta gama ba shi abinci, ta miƙe za ta fita da kwano, sai ta ji ya riƙo mata hannu da hagunsa. Ya nuna mata kwalbar magani a kan tebur. Ta manta, shi bai manta ba. Ta sa masa ƙwayar a baki, ta tallafi kansa ya sha ruwa, sannan ta zauna a bakin gado ba ta saki hannunsa ba.

Jama'a, ba kowace doka ce ke da ɗan sanda ba. Dokar likita babu mai kama ka in ka karya ta, jikinka ne zai yanke hukunci. In kana son naka, ka taya shi kiyaye ta, kada tausayi ya sa ka taya shi karyawa.