Wankan Ingila

Da ya ga kiran ƴarsa daga Ingila a ranar da ba ta saba kira ba, gabansa ya faɗi. Alheri bai cika zuwa haka ba.

Kiran bidiyo ne. Hoton ya buɗe a hankali, don rezo, wato layin waya, a Tasawa sai haƙuri. Ga matarsa, wadda ƴar ta kai can saboda ciwon gwiwa, kwance cikin ruwa, lulluɓe da farin ƙyalle, idanu rufe, mata biyu na tallafe da ita. A saninsa, wanka ɗaya ne ake yi wa babban mutum a kwance. Ya fara salallami.

"Baba, wurin shaƙatawa ne fa," in ji ƴar. "Ruwan ɗumi ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Tun zamanin Rumawa masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa garin nan wanka."

Sai matar ta buɗe ido ɗaya. "Malam, ka shayar da awakina, ko kana can majalisa kana shan shayi?"

Ya zauna daɓas a ƙasa, yana dariya yana hamdala. Bai taɓa jin daɗin faɗanta haka ba.

Ko gwiwar za ta warke, har yanzu ba wanda ya sani.