Ranar da Birki Ya Sha Iska

Da la'asar Baba ya leƙo daga ƙarƙashin tsohuwar motarmu, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Uwata, birkin nan ya sha iska."

Na ce, "Ina ya je shan iskar?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce mu biyu za mu fitar da ita. Ya ɗora ni a kujerar direba. Ni, a gaban sitiyari! Sai da na zame kafin ƙafata ta kai.

Ya koma ƙarƙashin motar yana kira, "Taka! Taka! Riƙe!"

Ina ta takawa, abu laƙwas, can na ji ya yi tauri. Na ƙwala ihu, "Baba, ya dawo gida!"

Allah ya jiƙan Baba. Har yau in na taka birki a Ƙofar Doka, muryarsa nake ji, sai in riƙe.