Dutsen Tokare Ƙofa

Na sunkuya zan cire takalmi a bakin ɗakin Mama, sai idona ya sauka kan dutsen da take tokare ƙofa da shi. Na matsa kusa na duba shi da kyau.

Aikina ke nan, nazarin duwatsu. Wannan murjani ne da ya zama dutse tun zamanin da teku ke kwance a nan, jikinsa duk ramuka kamar saƙar zuma. Irinsa sak na tsinto makon jiya a ƙetaren kwari, inda ƙasa ta rufta da gidaje. Duk inda ya fito, shimfiɗar dutsen ɗaya ce, wadda ruwa ke ci ta ƙasa har ta zama kogo.

"Mama, ina aka samo dutsen nan?"

"Babanki ne ya haƙo shi wajen tona harsashin gidan nan, Allah ya ji ƙansa. Ya yi ta murna, wai a kan dutse ya gina mana."

"Ki zo mu kwana a wurina yau."

"Ke dai da iyayi! In dutsen kike so, ɗauka, ba ya mini amfani. Tun damina ƙofar ta karkace, ko an tura ta ba ta rufuwa."