Mutum Dubu Ashirin da Gashin Baki Ɗaya

Dubu goma sha tara da ɗari huɗu! Injiniya ya daka tsalle a tsakiyar shago har ya yi fatali da akwatin sukurori. Saura mutum ɗari shida, saura kwana ɗaya.

Ba injiniyan komai ba ne fa, mai gyaran firji ne, sunan ne kawai ya bi shi. Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko gashin bakinsa, wanda ya shekara goma sha huɗu yana murzawa. Na biyu birnin da ya gina a wani wasan zamanin da na cikin waya, inda kowa ke riƙe da garinsa, ya karɓi haraji, ya ciyar da talakawa, ya yi ciniki da garuruwan 'yan wasan da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Bakinsa ne ya ja masa. Ranar Litinin ya bugi ƙirji gaban Dogo, abokin aikinsa, cewa kafin ƙarfe huɗun yammacin Asabar zai tara mutum dubu ashirin a birnin nasa.

"In ba ka tara ba fa?" in ji Dogo.

"A aske wannan," ya ce, yana shafa gashin bakin. Duk layin shagunan ya shaida.

Da ya ba matarsa labari, ko kai ba ta ɗaga daga keken ɗinkinta ba. Cewa ta yi, "Baban yara, wannan abin da kake tace shayi da shi ne ka sa a caca? Allah ya ba mai rabo sa'a." Ya yi dariya. Baiwar Allah, ina ruwanta da mulkin gari!

Sai ga sa'a ta faɗo masa daga sama. Akwai wani ɗan ƙaramin gari a gabas da nasa, shiru-shiru, mai shuɗiyar tuta da takubba biyu a gicciye. Ranar Talata mai garin ya aiko da tayi: zai riƙa sayar masa da hatsi a rabin kuɗi. Rabin kuɗi! Injiniya ya yi ta ƙyaƙyata dariya, yana cewa yau ga sakarai ya kawo kansa.

To, tunda hatsi na zuwa a arha, me zai yi da gonaki? Ya rushe su ɗaya bayan ɗaya ya jera gidaje. Ya kwashe baitulmali ya haƙa rijiyoyi, ya gina kasuwa da wurin wasanni. Da zinariya ta ƙare ya ɗan ƙara haraji. Talakawa suka yi gunaguni, amma cikinsu a cike yake, suka zauna. Mutane sai tuɗaɗowa suke ta kowace ƙofa.

Kullum a kan abinci sai ya zayyana wa matarsa komai, har da zane a kan tebur da bakin cokali. Ita dai sai ta ce, "Oho. To hatsin kwana nawa ya rage maka a rumbu?" Ya ce na yini ɗaya ma ya isa, ai ayari ba ya fashi. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe," ta ƙara masa miya. Ya ga sabuwar reza a banɗaki tun ranar Laraba, bai kawo komai a ransa ba.

Asabar, ƙarfe uku da rabi. Dogo ya zo gida ya zauna a falo riƙe da kofin shayi, fuskarsa ba annuri. Dubu goma sha tara da ɗari tara da goma. Injiniya ya kasa zama. Ya taka rawa daga ƙofa zuwa taga, ya murza gashin baki dama da hagu, ya sa wa Dogo wayar a hanci. Ɗari tara da sittin! Daga ɗakin ɗinki, ƙarar keken ta ɗauke.

Huɗu saura kwata, ayarin hatsi bai iso ba.

Ya aika saƙo, shiru. Ya sake aikawa. Rumbu ya koma ja, alamar hatsi ya ƙare. Can sai ga shela ta bayyana: garin gabas ya soke haraji gaba ɗaya, ya buɗe ƙofofinsa, kuma abinci kyauta ga duk wanda ya zo. Wayyo! Mutanen Injiniya suka ɗaure kayansu suka yi layi kamar tururuwa. Ya so ya rage haraji, baitulmali ba ko sisi. Ya nemi gona, babu ko ta shuka albasa. Ya zuba wa Dogo ido da zargin ko shi ne mai garin gabas, amma hannayen Dogo biyu na kan kofi, dariya ce kawai ke neman shaƙe shi.

Ƙarfe huɗu daidai: dubu goma sha ɗaya.

Minti uku aka yi askin. Shekara goma sha huɗu ta zube a kan tsohuwar jarida. Matarsa ta fito da tawul da ruwan ɗumi kamar dama jira take, ta tsaya tana kallonsa, idanunta har ƙyalli suke.

"Ikon Allah! Ashe mijina yana nan a ƙarƙashi," ta ce, ta wuce kicin tana 'yar waƙarta.

Ransa a jagule ya shiga ɗakin ɗinki neman madubi. Sai ya ji busar ƙahon nan da wasan ke yi in gari ya bunƙasa. Ya laluba aljihu, ba daga wayarsa ba ce. A kan keken ɗinki, tsakanin zare da alli, wayar matarsa ke haske, shuɗiyar tutar nan ta cika fuskar wayar, kuma yanzu da ya gan ta kusa, ashe ba takubba ba ne a gicciye, almakashi ne.