Ramukan Ƙusa a Bangon Masallaci

Magini ya ɗebo siminti zai toshe ramukan da ke bangon masallacin majalisar dokoki, sai wata tsohuwa ta riƙe masa hannu.

"Iya, gyara aka ce in yi. Wannan bango ne ko rariya?"

"Rariyar gidanku. Matsar da labulenka, ka bar mini ramukana."

Shekara talatin ke nan tana wanke fararen mayafan salla da ake ratayewa a ɓangaren mata. Ranar da ta kama aiki a Jakarta, da ƙunshin shinkafarta a ganyen ayaba, labulen da ya raba maza da mata yana can ƙurya. Sahu ɗaya ma ba ya cika. 'Yan majalisa mata sukan idar da salla su fice sum-sum kamar baƙi.

Bayan wani zaɓe wuri ya yi musu kaɗan, aka zare ƙusar labulen aka matso da shi taku ɗaya. Aka sake matsowa. Shekarar da aka mayar da shi baya, kwana uku abinci bai yi mata daɗi ba.

Ba ta yi karatu ba. Bangon nan shi ne jaridarta.

Magini ya kafa sabuwar ƙusa, taku biyu gaba. Ta bi tsofaffin ramukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi, tana hamdala.

"Kada ka buga ta da ƙarfi, ɗan nan," in ji ta. "Za a sake zare ta."