Katangar Yazidu

Ta tagar mota jami'in da ya zo daga Maradi ya nuna wa Yazidu wurin, bai ko sauko ba saboda rana. Ya ce can ne kushewar mutanen da, waɗanda aka binne tun ba a san ƙarfe ba, kuma gwamnati na son a tsare ta. Daga ranar Yazidu ya zama gardi.

Da ya bi yatsan jami'in da kallo, sai ga wani tudu gabas da hanyar Tagriss, mai kwarjini, da aduwa guda a kansa. Tsigar jikinsa ta tashi. Har ya yi furfura ba a taɓa damƙa masa ko makullin rumbu ba.

Ya riƙe aikin da gaske. Ya kori awakin maƙwabcinsa Samba, ya hana mata yin itace, har surukinsa da ya tsuguna a gindin tudun sai da ya tashe shi tsakiyar uzuri. Amma yana juya baya sai raƙuma su haye.

Matarsa Suwaiba ce ta ce ya yi katanga. Ƙasar duk yashi ce, dutse sai an sha wuya, amma Allah ya taimake shi: ƙetaren kwari akwai wani tsibin duwatsu a miƙe, babu mai shi. Ya ari amalanke da jaki, duk rani yana jida. Jaki ya rame, shi ma ya rame. Har tsingaron da ya taras a ƙasa ya share, don ba ya son aikin ƙazanta.

Gab da damina mota ta iso daga Yamai da Madam Sa'adiyya, malamar jami'ar da ta nemi a tsare wurin. Yazidu ya sa babbar riga, ya tara gari, ya zagaya da ita. Ita kuwa ko kallon aduwar ba ta yi ba, duwatsun katangar take ta shafawa. Can ta tambayi inda ya samo su.

Ya buɗe ƙirji ya nuna ƙetaren kwari. "Can, Madam. Ban bar ko guda ba."

Madam ta nemi wuri ta zauna a ƙasa.

"Malam Yazidu, ai kushewar ce ka kwashe ka kewaye tudun yashi da ita."